Hayaƙi Ba Ya Sauke Kaya

Karanta: Matiyu 11:28-30

Ɗan'uwana, ko kana Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, ko a ƙauyukan Jazira, ka san bango, wato tabar wiwi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya jibga wa zukata kaya mai nauyi. Aboki zai ce maka, "Zuƙi kaɗan ka manta."

Amma dubi aikinta. Cikin 'yan mintoci zuciya takan riƙa bugawa da sauri, idanu su yi ja, baki ya bushe. Minti guda ya zama kamar sa'a. Ka soma magana, ka manta inda ka dosa. Wani kuma tsoro yakan kama shi, ya ga kamar kowa farautarsa yake yi. Bayan sa'a 2 ko 3 maye ya sake ka, damuwa tana nan a bakin ƙofa, kuɗin dawa kuwa sun tafi.

Yesu yana kiran gajiyayyu domin ya sauke musu kaya. Kai masa naka yau.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare hankalina, ka ba ni hutunka. Amin.