Gurbin Tanda

Tanda aba ce ta yumɓu mai gurabu, kowane gurbi bai wuce cin ludayi ɗaya na ƙullu ba. A gidajen Wurno da Rabah da Goronyo, idan aka yi haihuwa akan ɗauko ta daga inda aka kife ta, domin mai jego takan gaji da kunu safe da yamma, ranta ya so abin taunawa.

Masar yau tun jiya ake fara ta. A jiƙa gero, a rege tsakuwa, a kai niƙa, a dama ƙullu a rufe ya kwana. Da asuba sai a tarar ya tashi, yana ƙananan ƙwayaye, yana ƙamshin tsami. Wannan kwanan da ƙullu ya yi yana da aikinsa: tsamin yana karya wani sinadari na cikin hatsi da ke hana jiki cin moriyar abin da ke ƙara jini a gero. Matar da ta zubar da jini a kan gwiwa kuwa, wannan take bukata.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya wadata yankin da shinkafa da alkama da albasa. Masar shinkafa fara tas tana ɗaukar ido, amma ga mai shayarwa gara a surka ta da geron da ba a cinye shi da surfe ba. A rage sukari. Man gyaɗa a ɗiga shi, kada masa ta yi iyo. A kawo miyar taushe da kabewa da gyaɗa da zogale, da kifin gulbi in ya samu. Kanwa kuma a yi hattara da ita: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa tare da zafin wankan jego yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

To amma abin lura yana hannun mai tuya. Ba ta taɓa zuba sabon ƙullu a gurbin da ba a kwashe ba. Wanda aka ɗauke masarsa, nan take ludayi ya koma kansa. Wanda aka bari da tasa, haka zai zauna, kwanon ƙullu na gefensa cike, har gindin masar ya ƙone.

Haka Allah ya tsara nonon uwa. Babu abincin da shi kaɗai yake kawo ruwan nono. Tsotson jariri ne ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwar uwa, jiki ya ƙirƙiro gwargwadon abin da aka sha. Idan ta ce bari ta tanada, ta jinkirta ba shi, ko aka cika masa ciki da ruwa da jiƙe-jiƙe, jiki sai ya ɗauka ba a bukata, ya rage. Shi ya sa ake so a sa jariri a mama cikin sa'ar farko, ya sha dakashi, a kuma bar shi da nono zalla har wata 6.

Mutane ma suna da gurabunsu. Akwai malamin da kullum ake ɗiba daga karatunsa, kullum kuma yana ƙaruwa. Akwai mai sana'ar da ya ɓoye sirrinta ga yaransa, ta tsufa tare da shi. Mai riƙewa yana ganin ajiya yake yi, bai san ya hana ludayi dawowa ba.

Sai dai gurbi ba ya cika kansa. Dole wani ya noma geron, wani ya kai niƙa, wani ya iza wuta. Uwar da ake tsotsa dare da rana tana bukatar ƙarin abinci da ruwan sha da barci, ga shi a gidaje da yawa ita ce ke ci a ƙarshe, bayan an sallami 'yan barka. Maigidan da ya je kasuwar Achida neman ragon suna, ya sa mudun gero da gyaɗa da man tuya cikin lissafi, ba na mako guda kaɗai ba, domin shayarwa ta shekara biyu ce.