Haƙa Harsashi da Kwashe Ƙasa: Haƙƙin Wa Ke Kan Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kwanan baya mutum biyu suka same ni bayan sallar la'asar a nan Damagaram, kowa ransa a ɓace. Ɗaya mai gina gida ne, ɗaya kuwa shi ya karɓi aikin haƙa harsashi da ramin shadda. Sun yi ciniki da baki a kan jika 60. Da haƙa ta yi nisa sai aka tarar da dutse, kamar yadda aka saba a ƙasar Zinder. Mai aiki ya nemi ƙari, ya kuma ce kwashe ƙasar da amalanke ba ya cikin cinikin. Mai gida ya ce magana ɗaya aka yi. Kowanensu yana rantsuwa shi aka zalunta.

Tambayar ita ce: idan abin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙasa ya bayyana bayan an ƙulla ciniki, wa zai ɗauki nauyinsa?

Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa aiki ya zama sananne, lada ma sananne, domin jahiltar ɗayansu garari ne, shi kuwa garari ƙofar husuma ce. Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a shekara ta 620 bayan Hijira, ya kawo mas'alar haƙar rijiya a littafinsa Al-Mugni. Ya bayyana cewa fitar da ƙasa daga cikin rami yana kan mai haƙa, tunda haƙa ba ta yiwuwa sai da shi. Idan kuwa ya iske dutse, ba a tilasta masa fasa shi, domin ya saɓa wa ƙasar da ya gani lokacin ciniki. Yana da zaɓin warware yarjejeniya, a biya shi gwargwadon abin da ya yi. Kuma ba a raba ladan daidai bisa yawan kamu, saboda saman rami ya fi ƙasansa sauƙi.

Saboda haka mai gida ba shi da hujjar cewa a fasa masa dutse a farashin rairayi. Amma shi ma mai aiki akwai nasa laifin. Ya fi mai gida sanin ƙasar unguwar, ya kuma san cewa ƙasa idan an haƙe ta tana kumbura, har tulinta ya fi ramin da ta fito yawa. Idan ya yi shiru da gangan, ya rage farashi don ya karɓe aiki, da niyyar ya ƙara bayan gidan mutum ya zama rami, wannan algus ne, kuma abin da ya ci ta wannan hanya ba halal ba ne.

Amma kai ƙasa bayan gari, idan ba a ambace shi ba, ana komawa ga al'adar magina ta garin. Na sa aka kira dattawa biyu masu sana'ar, suka ƙiyasta ladan fasa dutsen da sawun amalanken, mai gida ya biya na dutse, suka raba na kwashe ƙasa, suka yi musafaha.

Nasihata gare mu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kafin a sara diga, a rubuta tsawo da faɗi da zurfi, da kuɗin sawu guda, da abin da za a yi in an tarar da dutse. Kunyar rubutu yau ita ke haifar da gaba gobe. Gidan da za ka yi salla a cikinsa, ka tarbiyyantar da iyalinka, kada ka aza tubalinsa a kan gumin talaka da ba a biya ba.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.