Kyandir ɗin Daren Ista: Amsa ga Wani Ɗan Kasuwa a Zebilla

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Zebilla, ina da shagon kayan masarufi. Cikin abin da nake sayarwa akwai kyandir da ashana da batir da fitilun sola. Mahaifina Bahaushe ne Musulmi, ya rasu. Mahaifiyata 'yar Kusasi ce, 'yar Katolika, tana zaune a gidana, amma idonta ya yi rauni. Duk shekara idan Ista ta gabato, katikis na cocinsu, wato malamin da ke koyar da addini, yakan zo ya ɗauki kyandir katan-katan a wurina saboda taron da suke yi daren Asabar. Bana kuma tsohuwa ta ce ni take so in kai ta a babur, domin jikanyar da ke raka ta ta tafi karatu Bolgatanga. Na san idan na tsaya a can za a miƙo mini kyandir kamar kowa. Wani abokina ya ce kuɗin kyandir ɗin haram ne, kai tsohuwa coci kuma taimakon shirka ne. Wani ya ce ai mu ma Alkur'aninmu yana da Suratun Nur, in karɓa in riƙe kawai, babu komai. Mene ne hukunci?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mahaifiyarka a gidanka, ya kuma saka maka da ka yi tambaya tun daren bai zo ba. Ƙa'idar malaman fikihu ce cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake. Saboda haka bari mu fara da abin da Kiristoci suke nufi da wannan kyandir, kamar yadda su da kansu suke bayyana shi.

Bayan rana ta faɗi ranar Asabar ɗin, sukan kashe fitilun coci, su hura wuta a farfajiya. Fada zai sa wa wutar albarka, a kawo wani babban kyandir da aka zana wa gicciye da harafin farko da na ƙarshe na Girkanci da lambobin shekarar da ake ciki. A soka masa ƙwayoyin turare biyar, alamar raunuka biyar da suka yi imani an ji wa Almasihu. A kunna shi daga wutar nan, a shiga da shi cocin da ke cikin duhu, ana tsayawa sau uku ana shelar cewa hasken Almasihu ne, jama'a suna amsawa da godiya. Daga jikinsa ake kunna ƙananan, irin waɗanda ke cikin katan ɗinka, wannan ya kunna wa na kusa da shi har ɗakin ya haskaka. Idan dare ya yi nisa sai a sake kunna su, kowa ya miƙe da nasa a hannu, fada yana tambaya suna amsawa, suna sabunta alkawarin baftismarsu: cewa sun yi imani da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ka riƙe wannan gaɓa ta ƙarshe da kyau, domin a kanta rabin amsarka ta rataya.

Abin yana da tushe a littafinsu. A sura ta 8 ta Linjilar Yohanna an siffanta Yesu da hasken duniya, a sura ta 5 ta Matiyu an umarci mabiyansa kada su ɓoye haskensu, a sura ta 27 ta littafin Fitowa kuma akwai umarnin a bar fitila tana ci a wurin ibada. Taron manyan limamansu da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya yi amfani da misalin haske da ke fitowa daga haske don ya tabbatar da aƙidarsu cewa Almasihu ɗaya yake da Allah a zati. Shi ya sa a cocin Katolika akwai wata 'yar fitila, galibi ja, da ke ci dare da rana kusa da akwatin da suke ajiye gurasar da suka tsarkake, alamar cewa a imaninsu Almasihu yana wurin. Shi ya sa kuma ake miƙa wa iyayen jariri kyandir a kunne ranar baftisma. Ba dukan Kiristoci ke yin haka ba. Mabiya Assemblies of God, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yendi a 1931, da sauran cocin Fentikos ba su cika damuwa da kyandir ba. Amma mahaifiyarka 'yar Katolika ce, ƙarƙashin yankin bishop na Navrongo-Bolgatanga, wanda asalinsa ke komawa ga zuwan fadocin Mishan Navrongo a 1906, kuma a wurinsu wannan dare ya fi kowane dare girma a shekara.

To, ka ga abokinka na biyu ya yi kuskure. Gaskiya ne aya ta 35 ta Suratun Nur ta jingina haske ga Allah, ta kuma buga misali da fitila a cikin gilashi da man zaitun. A Sahihu Muslim ya zo cewa shamakin Ubangiji haske ne, kuma Manzon Allah (SAW) yakan roƙi a sa masa haske a zuciyarsa da jinsa da ganinsa. Duk da haka bai taɓa shar'anta mana kunna wuta a matsayin ibada ba. Lokacin da sahabbai suke shawarar yadda za a riƙa kiran mutane salla, an kawo shawarar ƙararrawa, an kawo ta ƙaho, an kawo ta hura wuta, duka aka bar su saboda alamomin addinan wasu ne, Allah ya azurta mu da kiran salla. Fitila a masallaci kuwa don a ga sahu ne a kuma ga rubutu. Malaman tarihi suna ambaton cewa Tamimud Dari, wanda Kirista ne daga ƙasar Falasɗinu kafin ya musulunta a shekara ta 9 bayan hijira, shi ya fara kunna fitilu a masallacin Annabi. An karɓi amfanin daga gare shi, ba a mayar da shi rukunin ibada ba.

Don haka riƙe kyandir a cikin wannan taro bai halatta gare ka ba. Wanda ya ɗaga shi a lokacin yana furta aƙida ne da hannunsa, aƙidar da kai ba ka yarda da ita ba, tunda a wurinmu Annabi Isa (AS) bawan Allah ne, Manzonsa, ɗan Maryama mai tsarki. Ni ina ganin ƙin karɓar ma ya fi zama girmamawa gare su. Wanda ya ce musu kyandir ɗinsu ado ne kawai, kowa ma ya riƙe, ya raina abin da suka ɗauka da nauyi. Idan aka miƙo maka, ka yi godiya ka ce kai Musulmi ne, tsohuwa ka kawo. Fada da katikis sun san wannan, ba za su ji haushi ba.

Sai batun ciniki, wanda a nan abokinka na farko ya tsananta fiye da yadda malaman mazhabarmu ta Imam Malik suka yi. Asalin kyandir kaya ne mai tsarki mai amfani, sayar da shi halal ne. Wanda ya shigo shagonka ya ce a ba shi fakiti ɗaya, ba a ɗora maka ka tambaye shi me zai yi da shi ba, ko Kirista ne ko mai addinin gargajiya. Idan kamfanin lantarki na NEDCo ya ɗauke wuta kowa kyandir yake nema. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta ishi mutane, an yi jerin gwano a Accra da kyandira da fitilu a hannu, babu wanda ya ce ibada ake yi.

Inda magana take shi ne idan ka san don ibadar Ista za a saya, kamar yadda katikis yake gaya maka da bakinsa. Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, an taɓa yin irinta sak. Imam Shaɗibi na Garnaɗa a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 790 bayan hijira, wato 1388, an tambaye shi game da sayar wa Nasara kakin kyandir. Wansharisi ya kawo amsar a littafinsa Al-Mi'iyar, Dasuƙi kuma ya naƙalto ta a hashiyarsa. Shaɗibi ya raba abin gida biyu: idan za su yi amfani da shi wajen cutar da Musulmi, an hana, idan don bukukuwansu ne, makaruhi ne. Ka lura da halin da aka yi wannan fatawa. Garnaɗa ita ce daular Musulmi ta ƙarshe da ta rage a Andalus, masarautun Nasara sun sa ta a gaba, kuma masu sayen mutanen da ake yaƙi da su ne. Duk da haka bai kai kyandir ɗin biki ga haramci ba. To ina ga maƙwabcin da kuke cin kasuwa ɗaya, wanda wataƙila kawunka ne ta wajen uwa?

Amanar ilimi ta sa in gaya maka akwai magana mai tsanani a cikin mazhaba. Ibnu Habib ya ruwaito hana sayar wa Nasara duk abin da za su yi hidimar idinsu da shi, har nama da tufa. A gefe guda kuma an tambayi Imam Ahmad game da Musulmin da ke kai haja kasuwar da ke ci ranar idin Nasara, ya ce babu laifi muddin a kasuwa suka tsaya ba su shiga coci ba. Abin da na rinjayar, na kuma ke ba da fatawa da shi a ƙasa irin Ghana, inda ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20, shi ne maganar Shaɗibi. Cinikin ya inganta, kuɗin da ka karɓa a shekarun baya halal ne, babu abin da za ka fitar daga dukiyarka. Idan ka bar shi don Allah ka sami lada. Idan barinsa zai jawo gaba tsakaninka da dangin mahaifiyarka, ko ya sa a ce Musulmin zango sun fara ƙyamar Kiristoci, ka ci gaba da sayarwa, domin karhanci yana faɗuwa idan buƙata ta zo. A yankin da rikicin Bawku ya riga ya raba zukata, ba na son wani Musulmi ya buɗe sabuwar ƙofar rabuwa a kan katan ɗin kyandir.

Iyaka ɗaya ce a nan. Babban kyandir ɗin nan mai gicciye, kada ka yi odarsa, kada ka sayar da shi, domin ba shi da wani amfani sai na ibadarsu. Malamanmu sun hana sayar da itace ga wanda aka san gicciye zai sassaƙa da shi, wannan kuwa ya fi kusa da hanin. Haka nan kada ka ba coci kyandir kyauta don wannan taro, saboda kyauta shiga ce cikin hidimar, ciniki kuwa musayar haja ce da kuɗi.

Yanzu ga tsohuwa. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun daga Kano har Salaga da Yendi, ta bayyana cewa biyayya ga iyaye farilla ce ko da mushirikai ne. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta hana bin su cikin shirka, a cikin ayar nan kuma ta yi umarni a zauna da su da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya umarce ta ta sada zumunci da ita. Masu sharhin Risala ba su tsaya a nan ba, sun kawo mas'alarka da kanta. An ruwaito daga Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, game da Musulmin da mahaifiyarsa Banasariya ce makauniya, cewa babu laifi ya ja ta har ƙofar coci, amma kada ya shiga tare da ita. Ya ba ta kuɗin abinci da abin sha na idinta, kada ya ba ta abin da za ta zuba a baikon coci.

Saboda haka ka kai ta. Ka ɗora ta a babur a hankali, ka haska mata hanya da tocilarka daga inda ka tsaya har bakin ƙofa, ka danƙa hannunta ga wata daga cikin matan cocin. Idan ba ka sami kowa ba, ka shiga ka zaunar da ita ka fito, wannan lalura ce. Taron yakan ɗauki sa'o'i, to ka tambayi katikis lokacin tashi, ka je ka yi sallar Isha'i, ka dawo ka ɗauke ta, kada ka bar ta tana jira a waje cikin dare. Ka kuma bincika halin hanya da dokar hana fita kafin ranar. Washegari idan ka sayo mata kaza ko zabo ta yi girkin Ista, ka yi abin da Ibnul Ƙasim ya halatta.

Wataƙila wani ya kawo maka hujja da ziyarar da Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Christ the King a Accra lokacin Ista ta 2019, yana cika shekara 100. Ziyarar zumunci ce da neman zaman lafiya, haka aka bayyana daga ofishinsa, ba ibada ya je yi ba. Tana ƙarfafa maka kyautata wa maƙwabci, ba ta zama dalilin riƙe kyandir a lokacin furta aƙida ba.

Abokinka da ya ce maka kana taimakon shirka, ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi, ka roƙe shi ya daina jefa wannan kalma a kan mai hidimar uwarsa. Kai kuma ka yawaita yi wa tsohuwa addu'ar shiriya a sujadarka, ba tare da ka takura mata ko ka yi mata gori ba.

Hukuncin dai: sayar da kyandir na yau da kullum halal ne, sayar da shi da sanin na taron Ista ne makaruhi ne, kuɗinsa halal, sayar da mai gicciye da riƙe kyandir a cikin taron ba su halatta ba, kai mahaifiyarka da ɗauko ta kuwa biyayya ce da muke fatan Allah ya ba ka ladanta. Allah ne mafi sani.