Tumfafiya a Cikin Madara

Tumfafiya ba abar so ba ce. A juji take fitowa da gonar da ta gaji, kuma farin ruwan nan da ke tsatsowa in an karya ganyenta, ya shiga ido sai an yi jinya. Amma da ita matan Fulani na rugagen da ke tsakanin Parakou da Djougou suke yin wagashi, cukun nan da ake jerawa a faranti a kasuwar Arzeke ta Parakou.

Madarar da aka tatso da safe ake ɗorawa a wuta marar ƙarfi. A daddaka ganye da karan tumfafiya, a jiƙa a 'yar madara, a tace, a zuba a tukunya tana da ɗumi. Can sai madarar ta tsinke, farin gudaji ya taso, ruwa tsararo ya ware. A kwashe a ƙananan kwanduna ya tsane. Kusan lita 5 ke ba da kilo 1. In tumfafiya ta yi kaɗan, madara ba ta kamawa. In hannu ya zarce, cukun ya yi ɗaci, an yi asarar tatsar ranar.

To, haka ma kalmar gyara take: ga yaro ya shigo gari daga ƙauye. Ya faɗa shago ba sallama, ya miƙa kuɗi da hagu, ya biya farashin farko ko tayi babu. Dole a faɗa masa, amma da wace kalma? "Baƙo ne, bai san dawan garin ba" ɗigo ne kawai, ya ji kunya ya gyara. "Bagidaje" ta fi kauri, don ta haɗa da garinsu. "Marar tarbiyya" kuwa ta tsallake yaron ta faɗa kan iyayensa, kuma daga nan ba gyara yake ji ba, neman ramuwa yake.

Djougou tsohon zango ne na fataken goro masu bin hanyar Salaga zuwa Kano a ƙarni na 19, har yau kuma Dandanci da Hausa da Fulatanci da Faransanci na cakuɗe a kasuwarta. A irin wannan wuri abin ya fi wuya, domin mutum kan tsinko ganye daga dajin da bai sani ba. Ɗan boko ya ce "naïf" yana nufin tausayi, mai ji ya ɗauka an ce masa wawa. Wani ya dawo daga Najeriya da "bushman" da "mumu", yana jefawa cikin raha, bai san cewa kalmar da ake dariya da ita tsakanin abokai a Legas tana iya raba zumunci a unguwar Zongo ba. Kalmar aro ba ta yi wa mai faɗinta ɗaci a baki, shi ya sa hannu ke zarcewa.

Mai wagashi dai ba ta da sikeli ko cokalin awo. Madarar ranar take dubawa kafin ta zuba, don ta damina ba ɗaya take da ta rani ba, sannan ta sa yatsa ta ji ɗumin tukunyar.