Amsar da Aka Ji a Waya, Ta Isa Mutum Ya Yi Aiki da Ita?

Tambaya: Wani manomi daga ƙasar Baure, a masarautar Daura, ya aiko da tambaya. Bayan girbi ya tashi fitar da zakkar amfanin gonarsa, sai ɗansa ya kunna masa muryoyin malamai a waya, wasu na gida, wasu na ƙasashen waje da aka fassara. Wannan ya ce ko kwano ɗaya ya samu sai ya fitar da ushuri, wancan ya ce sai ya kai nisabi. Da ya kai maganar majalisa, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Shin ya halatta ya yi aiki da amsar da ya ji an ba wani, ko wadda jama'a suka taru suka ba shi, ko dole sai ya taka gaban malami?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Mai tambaya ya kyauta da ya tsaya bai bi abin da ya fara shiga kunnensa ba. Allah Ya umarci wanda bai sani ba ya tambayi masu ilimi, a aya ta 43 ta Suratun Nahli, kuma Bai iyakance hanyar da tambayar za ta bi ba. Don haka waya ba ta da laifi. Neman fatawa daga nesa ma tsohon abu ne a ƙasar nan. A shekarar 1493 wani malami mai suna Muhammadu Al-Lamtuni ya rubuta wa Imam Suyuɗi takarda daga ƙasar Takrur zuwa Alƙahira, ita da amsarta suna nan a cikin Al-Hawi lil Fatawi. Askiya Muhammadu na Songhai ya jera wa Shaikh Al-Maghili tambayoyi, Al-Maghilin da ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A zamaninmu kuwa, dattawan Baure da Zango da Daura sun sha karatun Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ta Rediyon Kaduna har rasuwarsa a 1992, tun kafin wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001. Mata da yawa da ke kunyar tambayar hukuncin haila da biƙi a gaban maza, ta rediyo da waya suka gyara ibadarsu. Wannan alheri ne babba, kuma ba daidai ba ne malami ya raina shi.

Amma a duba yadda Al-Lamtuni ya yi. Kafin ya nemi hukunci sai da ya zayyana wa Suyuɗi halin ƙasarsa: yadda sarakuna ke karɓar dukiyar talakawa, yadda ake ciniki, yadda maza da mata ke cuɗanya, yadda ake rataya layu. Ya san wanda yake tambaya, ya kuma sanar da shi abin da yake tambaya a kai. Waɗannan biyun su ne suke faɗuwa a hanya idan murya ta yi ta yawo daga waya zuwa waya. An yanke farkonta, an yanke ƙarshenta, ba a san wa ya yi tambayar ba, ba a san a wane gari ba, wani lokaci ma ba a san mai maganar ba. Ga shi Imam Muslim ya ruwaito daga Muhammadu ɗan Sirin gargaɗin cewa mutum ya duba daga wa yake ɗaukar addininsa.

Zakkar mai tambaya ita kanta ta isa misali. Malaman da ya ji, duk biyun ba ƙarya suka yi ba. Imam Abu Hanifa yana ganin ana fitar da ushuri daga abin da ƙasa ta fitar, kaɗan ne ko mai yawa, har kayan lambu, kuma a kan mazhabarsa mafi yawan Musulmin Pakistan da Indiya da Turkiyya suke. A mazhabar Imam Malik kuwa, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ake kuma hukunci da ita a kotunan shari'a na jihar Katsina, sai hatsi ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, kowane sa'i mudun Annabi huɗu. Abin da ruwan sama ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka sha wahalar ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Sannan akwai abin da manomin Baure ya fi kowa buƙatar sani: gero jinsi ne daban, dawa jinsi ce daban, ba a haɗa su don a cika nisabi. Wake yana cikin abin da ake wa zakka. Riɗi ma haka, daga mansa ake fitarwa, in kuwa an sayar da shi, Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna fitarwa daga kuɗinsa ya wadatar. Malamin Pakistan bai san damin gero ba, bai san tiya ba, ba kuma laifinsa ba ne, don ba mutumin Baure ya amsa wa ba.

Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ja kunnen mai ba da fatawa cewa in baƙo ya zo masa, ya fara tambayarsa al'adar garinsu, kada ya ɗora masa ta nasa garin. A saki ne abin ya fi tsanani. Miji ya ce wa matarsa "tafi gidanku" cikin fushi. Saki ne ko ba saki ba ne? Sai an ji yadda ya faɗa, da abin da ya nufa, da abin da mutanen wurin ke fahimta da lafazin. Saki uku a kalma ɗaya kuma, mazhabobi huɗu sun ƙirga shi uku, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙirga shi ɗaya, dokar Masar ta 1929 ta ɗauki wannan ra'ayin na biyu. Wanda ya zauna yana sauya muryoyi har ya faɗa kan wadda ta yi masa daɗi, ya mai da matarsa, son zuciyarsa ya bi. Irin wannan, da gado, da rikicin gona, da duk abin da ke da haƙƙin wani a ciki, sai gaban alƙali ko malamin da zai ji ta bakin kowane ɓangare.

Haka batun ganin wata. Baure tana bakin iyaka, ta Babban Mutum ana shiga Nijar, kuma dangi suna nan suna can. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar Salla ranar Talata, Nijeriya ranar Laraba. Saƙon ɗan'uwa daga Magarya labari ne na gaskiya, amma mutumin Baure yana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne, wadda ke isowa ta fadar Daura da hakimai.

Amsar 'yan majalisa ita ce ta fi ban tsoro, domin yawan baki ba hujja ba ne. Abu Dawud ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a hanyar tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama. Suka ce ba shi da shi. Ya yi wanka, ya rasu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, don sun amsa abin da ba su sani ba maimakon su tambaya. Masoyansa ne, ba su nufe shi da sharri ba. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32. A majalisa da wuya a ji wanda ya ce bai sani ba.

Saboda haka, abin da ya shafi kowa da kowa, kamar farillan alwala, da abin da ke karya azumi, da siffar sallar gawa, ya halatta a yi aiki da shi in an ji daga malami sananne da ilimi da tsoron Allah, in maganar cikakkiya ce ba guntu ba. Wanda ke tura wa mutane murya kuma, ya tabbatar da mai ita kafin ya tura, in ba haka ba yana da kamasho a kuskuren.

Shi kuwa mai tambaya, ya sussuke hatsinsa ya auna, gero daban, dawa daban, ya je wa limamin garinsu ko malamin da ya san mudun wurin, su lissafa tare. Wanda ya kai sa'i 300 ya fitar da ushurinsa. In ya riga ya bayar daga abin da bai kai nisabi ba, sadaka ce, yana da ladarta, kada ya nemi a mayar masa. In kuma akwai shekarun baya da ya kai nisabi bai fitar ba, bashi ne a kansa, ya ƙiyasta ya biya. Allah ne Mafi sani.