Tsagar Jirgi da Hukuncin Sakaci

Da damina, idan kogunan Bunsuru da Gagare suka cika suka kwararo cikin Rima, mutanen ƙauyukan Isa da Sabon Birni kan dogara da kwale-kwale wajen ƙetarawa kasuwa da gona. Tsohon jirgi ya fi tsagewa a gindinsa, inda katako ya haɗu da katako, domin can nauyin kaya ke sauka. Gyaransa sananne ne: a fito da shi tudu ya bushe, a cusa tsumma ko auduga a tsagar, a shafe da kwalta, a ƙarfafa da ƙusa.

Tambayar ita ce: wanda ya ga tsagar ya ƙyale, jirgi ya nutse, zai fake da ƙaddara? Malaman Sunna sun raba tawakkali da sakaci. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Halifa Umar ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma ɗauki juyawar a matsayin ƙaddara.

Fiƙihun Malikiyya ya fi kusantar matsalar. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗauke wa mai jirgi lamunin abin da ya nutse, amma ta hana shi kuɗin haya sai ya isar da kaya. Masu sharhi sun taƙaita wannan sassauci ga wanda bai yi ganganci ba. Wanda ya san gindin jirginsa na yoyo, ya loda mutane da buhuna, biyan asara ya hau kansa.