GYARA KO RUFA-RUFA? Nasiha Ga Mai Shirya Gida Domin Hoton Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki, Ya hana zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani saurayi ya yi mini bayan mun tashi daga karatu. Mahaifinsu ya rasu, magada sun yarda a sayar da gida a raba kuɗin. Shi ne babba, shi aka wakilta. Dillali ya zo ya zagaya, ya ce masa, "Gida ya yi, amma kafin in ɗauki hoto a shafe wannan tsaga ta bangon gabas da filasta, a bi ta da fenti. Tabon yoyon da ke silin kuma, a sa farin fenti. Idan ba haka ba, kuɗin zai faɗi." Saurayin ya ce mini, "Malam, akwai marayu ƙanana cikin magadan. In na bar kuɗin ya faɗi, ban cuce su ba? In kuma na rufe, ban cuci mai saye ba?"

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin yau ciniki ya koma kan hoto. Mutum yana Legas, ko Kumasi, ko Jidda, a turo masa hotunan gida a Kano ta WhatsApp, ya aiko da kuɗin da ya shekara goma yana tarawa. Bai taɓa bangon ba, bai ga gidan da damina ba. Hoton nan shi ne idonsa.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Shirya gida domin hoto sana'a ce mai zaman kanta a Amurka. Ana danganta farkonta ga wata dillaliyar gidaje mai suna Barb Schwarz, a jihar Washington, a shekarar 1972. Abin da suke yi shi ne a rage kaya domin ɗaki ya nuna faɗi, a buɗe labule haske ya shigo, a hayo kujeru masu kyau a jera. Yanzu kuma an wuce nan. Da kwamfuta ake zuba kujerun da babu su, a mai da busasshiyar ciyawa kore, a goge wayar lantarkin da ta ratsa saman gida. Akwai kuma gilashin kyamara mai faɗin gani, wanda ke sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar zaure.

Su kansu sun ga cewa abin yana bukatar linzami. A Amurka an hana fenti mai dalma a gidaje a 1978, sa'an nan dokar 1992 ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya faɗi abin da ya sani game da wannan fenti. Watau sabon fenti a sama ba ya sauke nauyin faɗin abin da ke ƙasa.

ABIN DA BABU LAIFI A CIKINSA

Kada wani ya ɗauka cewa tsoron Allah shi ne ka bar gidanka kaca-kaca. A'a. Share tsakar gida, kwashe tarkace, wanke bayi, yashe kwata, sare ciyawa, sa ƙwan fitilar da ya mutu, ɗaukar hoto da hantsi lokacin da haske ya cika ɗaki, duk wannan halal ne. Mai sayar da doki yana wanke shi kafin ya kai kasuwa, ba wanda ya ce ya yi ha'inci. Haka kuma in ka kira magini ya gyara tsagar tun daga tushe, ko ka canza kwanon da ke yoyo, to aibi ya tafi, ka yi fentinka da zuciya ɗaya.

Har ma akwai abin da ya kamata ka ɓoye. Hotunan iyali, kayan mata, takardun da ke ɗauke da sunaye, ka kawar da su. Hoto in ya shiga waya, ba ka san hannun da zai ƙare ba. Wannan sutura ce, kuma ba ya cikin abin da ake saye.

INDA IYAKAR TAKE

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Mutumin nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Jera kaya kawai ya yi, busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Jerin shi ne ya yi ƙaryar.

Haka hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino. Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan ruɗi da aiki, suka ba shi hukuncin sharaɗin da aka faɗa da baki. To, jingina kabad a kan bangon da ya jiƙe, ko shimfiɗa darduma a kan daɓen da ya lotsa, ko tsayawa ta kusurwar da bolar unguwa ba za ta fito ba alhali a ƙofar gida take, me ya raba su da ɗaure hantsa?

Imamu Malik ya halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa. In ya zo daidai da siffar, ciniki ya tabbata, in ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Hoto siffantawa ne. Saboda haka duk abin da ka sa hoto ya faɗa, kai ka faɗa.

Kuma a Muhtasar na Shehu Halil an yi bayanin aibin gida musamman. Masu sharhi sun kasa shi uku: ɗan ƙarami wanda ba ya rage ƙima, babu komai a kansa, matsakaici, kamar tsagar bango da ba a tsoron rushewa saboda ita, mai saye zai karɓi ragin kuɗi, da babba, wanda saboda shi ake mayar da gidan. Sun kuma ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani filla-filla. Cewa "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Wani zai ce, "Ai kowa haka yake yi, mai saye ma ya san hoto ba ya faɗin duka." Gaskiya ne ya san an share, an gyara haske. Amma bai san gara ta cinye azarar rufi ba. Bai san rijiyar tana ƙafewa da bazara ba. Bai san inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta ba. Wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ya san ruwa yana barin zane a jikin bango, kuma gwangwanin fenti ɗaya yana iya shafe zanen. Fentin ba zai hana ruwa komowa ba.

Wani zai ce, "Dillali ne ya yi, ba ni ba." Dillali wakilinka ne, la'adarsa tana ƙaruwa in kuɗi ya ƙaru. In ka sani ka yi shiru, kun yi tarayya. Kai kuma saurayin da ka iya gyaran hoto a waya ana biyanka, ka tambayi kanka abin da kake gogewa.

Akwai ma aibin da kyamara ba ta ɗauka ko kaɗan: rigimar gado da ba a warware ba, gidan da aka ba da jingina, takardar mallaka da ba ta inganta ba. A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa sai da yardar gwamna ake mayar da haƙƙin da ke cikin takardar mallaka ga wani. Duk wannan sai an faɗa.

MA'AUNI

Ga abin da za ka gwada kanka da shi. Ka ɗauka mai sayen yana tsaye a bayanka lokacin da kake shirya ɗakin. Duk abin da za ka yi yana kallo ba ka ji kunya ba, yi shi. Duk abin da sai ka jira ya juya baya, to wannan shi ne jiƙaƙƙen hatsi.

Abin da na ce wa saurayin nan shi ne: ya share, ya gyara, ya ɗauki hoto mai kyau. Tsagar kuma, ko su gyara ta gyaran gaske da yardar magada, ko ya ɗauke ta hoto ita ma, ya rubuta a ƙasa cewa bangon gabas ya tsage, silin yana yoyo da damina. Kuɗi zai iya raguwa, ban ɓoye masa ba. Amma haƙƙin marayu shi ne ƙimar gidan ta gaskiya. Abin da ya ɗoru a kai ta hanyar rufa-rufa dukiyar mai saye ce, kuma ciyar da maraya da haram ba kula da maraya ba ne. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu, Allah Ya yarda da shi, ya nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayani, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta. Ban da haka, wanda ya ga aibi ya saya ba zai kai ka gaban alƙali ba idan damina ta faɗi.

Ya ɗan'uwa, yau kai ne mai sayarwa, gobe kai ne za a turo wa hoto. Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya kiyashe mu daga cin haƙƙin mutane, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.